Titin zoben Abuja da titin Kubwa: kwalta ta yi kyau, tuƙin ne sai an yi da gaske

Idan kwalta da faɗi kaɗai za a duba, da wuya a samu birni a Najeriya da zai nuna wa Abuja titi. Amma titi ba a auna shi da santsi kawai. Ana auna shi da yadda yake kai mutum inda za shi lafiya, cikin lokacin da ya ƙiyasta. A wannan ma'auni titin zoben Abuja rabi da rabi ne, kuma dalilin guda ɗaya ne: an gina shi don mota mai gudun kilomita 100, ana amfani da shi kamar titin cikin unguwa. A hannu ɗaya za ka ga mai gudu 130, a hannun da ke maƙwabtaka da shi ga tasi ta tsaya cak tana sauke fasinja. Kusan duk matsalar titin daga wannan tazarar take fitowa.

Tituna biyu muke nufi, domin wanda ke zagaye tsakiyar birni ba ya rabuwa da su. Na farko shi ne titin Nnamdi Azikiwe, zobe na ɗaya a taswirar birnin, wanda ya bi ta Area 1, ya wuce kusa da babban filin wasa na Moshood Abiola, ya ratsa Wuye, Berger, Mabushi, Banex da mahaɗar NICON. Daga nan sai ya faɗa cikin na biyu, titin Murtala Mohammed, wanda kowa ya fi sani da titin Kubwa. Shi kuma ya taso daga AYA a Asokoro, ya bi ta bayan Maitama, mahaɗar Mpape, Katampe, Gwarinpa, Dawaki, mahaɗar Dutse, Kubwa, Dei-Dei har Zuba, inda hanya ke rabuwa zuwa Kaduna da Lokoja. Tsawonsa ya kusa kilomita 40. Tun bayan faɗaɗawar da aka fara zamanin Yar'Adua, yawancinsa hannu goma ne: uku-uku a tsakiya, biyu-biyu a titin gefe, wanda direbobi ke ce wa sabis.

Abin yabo a nan ba kaɗan ba ne. Babu fitilar ba da hannu a tsakiya, mahaɗun duk gadar sama ne, kwanoni masu faɗi, kuma shingen kankare ya raba masu tafiya da masu dawowa a mafi yawan wurare. Da hantsi, ko ranar Lahadi, mutum zai bar Kubwa ya iso Maitama cikin kamar minti 25 bai taka birki da ƙarfi ko sau ɗaya ba. Gadar Wuye da aka buɗe a 2024, bayan ta shafe shekaru a yashe, ta sauƙaƙa wa masu tsallakawa tsakanin Wuye da Wuse, ta kuma rage masu shiga titin Nnamdi Azikiwe don kawai su nemi wurin juyawa.

Sai dai wannan zancen na hantsi ne. Daga misalin ƙarfe 6:30 zuwa 9 na safe, duk ma'aikatan da ke kwana a Kubwa, Dutse, Bwari, Dei-Dei, Zuba, har da Madalla da Suleja a jihar Neja, ta wannan titi suke kwararowa. Da yamma, daga 4 zuwa bayan isha'i, su koma. Tafiyar minti 25 takan zama awa guda ko fiye, kuma idan tirela ɗaya ta mutu a kan hanya sai abin da hali ya yi. Akwai kuma wani abu da baƙo bai cika lura da shi ba sai ya same shi: titin Kubwa gabas da yamma ya fi miƙewa, don haka mai shigowa gari da safe rana ce a idonsa, mai komawa da yamma ma rana ce a idonsa. Gilashi mai ƙura ko mai tsage yana mayar da wannan haske fari fat, har ka daina ganin jar fitilar birkin na gabanka. A wanke gilashi ciki da waje, ba waje kaɗai ba, a kuma tabbata akwai ruwa a tankin waifa.

Babban darasin titin shi ne zaɓen hannu da wuri. A titin Kubwa ba ka fita daga tsakiya kai tsaye zuwa unguwa. Sai ka fara sauka titin gefe ta wata 'yar ƙofa, daga can ka kama kwanarka ko ka hau gada. Ƙofofin nan ba su da yawa, wasu allunan da ke nuna su sun koɗe ko sun faɗi, kuma wanda ya wuce tasa sai ya yi tafiyar kilomita da dama kafin ya samu gadar juyawa. Daga nan ake samun munanan halaye biyu masu kashe mutane a titin: mai tsayawa a tsakiya ya sa ribas, da mai yanko hannu uku a lokaci guda don ya cim ma ƙofa. Yadda ake yi shi ne, tun saura kamar kilomita ɗaya ka fara matsowa dama, hannu ɗaya bayan ɗaya. Ka duba madubi, ka kunna sigina, ka bari ta yi ƙiftawa huɗu ko biyar, ka waiga ta kafaɗa domin akwai gurbin da madubi ba ya nunawa, sannan ka shiga. Ka daidaita a wannan hannu kafin ka nemi na gaba. Idan ƙofar ta wuce ka, ta wuce. Man da za ka ƙona zuwa gada ta gaba bai kai kuɗin fitila ɗaya ta baya ba.

A titin Nnamdi Azikiwe matsalar ta ɗan bambanta. Mahaɗun suna kusa da juna, musamman daga Berger zuwa Mabushi zuwa Banex, kuma a irin gadojin nan masu lanƙwasa huɗu, mai shigowa da mai fita guntun hannu ɗaya suke rabawa. Mai shigowa yana ƙara wuta yana neman hagu, mai fita yana rage wuta yana neman dama, dole su yi giciye cikin 'yan mitoci. Wanda ba zai fita a nan ba ya bar hannun dama gaba ɗaya, ya zauna a na tsakiya har ya wuce gadar. Wanda zai shiga kuma kada ya iso bakin titin da gudun 30 ya tsaya yana leƙe. Ya yi amfani da hannun shiga ya kai 60 ko 70, ya nemi gurbi ya saje. Tsayawa a ƙarshen hannun shiga ita ke jawo a daki mutum ta baya, domin na bayansa yana kallon hagu ne, ba gabansa ba.

Sai batun masu ɗaukar fasinja, wanda a ganinmu shi ne babban aibin wannan hanya. Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, a 2013 aka kori ƙananan bas-bas, amma manyan motocin da za su maye gurbinsu ba su taɓa wadatar da jama'a ba. Tasi da 'yan kabu-kabu suka cike giɓin, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 har ma'aikaci mai motar kansa yakan ɗauki mutum huɗu don ya rage kuɗin mai. Duk waɗannan ba su da tasha. Tasharsu ita ce ƙarƙashin gada da bakin kwana: Area 1, Berger, Banex, NICON, ƙofar Galadima, mahaɗar Dutse, Dei-Dei. Mota za ta tsaya, wata ta tsaya a gefenta, ta uku a gefen ta biyu, sai titin gefe mai hannu biyu ya koma rabin hannu. Direban da ke neman fasinja idonsa na bakin titi, kuma da ya ga an ɗaga yatsa zai karya sitiyari ba sigina. Alamominsa a bayyane suke: yana tafiya a hankali kusa da dama, gilashi a sauke, yana ɗan taɓa hon. Da ka ga haka ka ba shi fili kamar wanda ka san zai tsaya, domin zai tsaya.

Ga masu hawa irin waɗannan motoci, a taƙaice: 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota kamar 'yan kabu-kabu su yi masa fashi, gaskiya ne a Abuja, kuma a irin waɗannan wurare suke ɗauka, musamman bayan magariba. Gara tasha da aka sani ko motar da aka kira ta manhaja.

Dokar hanya ta ƙasa ta sa iyakar gudu a irin wannan titi kilomita 100 ga ƙananan motoci, 90 ga tasi da bas, 60 ga tirela da tanka. A aikace hannun hagu ya fi haka nesa, kuma ba a cika ganin mai hanawa ba. Yana da kyau a san abin da lambar ke nufi a ƙasa. A gudun 100 mota na cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke, ƙafa ta bar totur ta hau birki, an ci kamar mita 40. Birkin kansa, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, yana buƙatar kamar mita 55. Jimla kusan mita 95, wato kusan tsawon filin ƙwallo. A gudun 130 nisan birki kaɗai ya haura mita 90, domin ba ƙaruwa yake yi daidai da gudu ba, ninkuwa yake yi. Amma dubi yadda ake bin juna a titin Kubwa da safe: tsawon mota ɗaya ko biyu. Shi ya sa haɗarin wannan titi bai cika zama na mota biyu ba, huɗu ne ko biyar a jere. Tazarar da ta dace ita ce daƙiƙa uku: ka zaɓi turken fitila, idan na gabanka ya wuce shi ka ƙirga uku kafin kai ka iso. Za a riƙa shigar maka gurbin, haka ne. Ka sake buɗe wani.

Lissafin nan ya shafi masu tsallakawa da ƙafa. Akwai gadojin masu tafiya a Area 1, Wuye, Banex, NICON da wurare da dama a titin Kubwa, amma wasu sun yi nisa da inda ake sauke fasinja, wasu 'yan tireda sun cika su, da dare kuma mutane na tsoron hawa saboda duhu da masu ƙwace. Sai su tsallaka ta ƙasa, har da masu haura shinge da kaya a ka. Hannu uku kusan mita 11 ne, mai tafiya yana buƙatar daƙiƙa takwas ko tara, kuma cikin wannan lokaci mota mai gudun 100 ta ci fiye da mita 200. Mai tsallakawa yana ganin motar can nesa, ya ɗauka akwai lokaci. Duk inda ka hango gadar masu tafiya, ka ɗauka akwai mutane a ƙarƙashinta, ka ɗage ƙafa daga totur. Jefi-jefi garken shanu ma kan ratsa, musamman ta wajen Katampe zuwa Dei-Dei.

Tsakanin AYA, mahaɗar Mpape da Katampe akwai hawa da gangara, kuma nan ne ake haɗuwa da tifofi, domin Mpape wurin fasa dutse ne. Tifa mai lodi a hawa ba ta wuce gudun 20 ko 30, wani lokaci a hannun tsakiya, tana zubar da tsakuwa. Tsakuwa ɗaya ta isa ta tsaga gilashin gaba, don haka kada ka manne mata. A gangara kuma kada ka zauna a gabanta. Birkin manyan motoci da iska yake aiki. Idan direba ya yi ta dannawa a doguwar gangara maimakon ya sa ƙaramar giya, iskar ta ragu, birkin ya yi zafi, sai a ji ana cewa birki ya tsinke. Idan ka tsaya a ƙarshen gosulo a kan gangara, idonka ya kasance a madubi, ka bar fili a gabanka, ka san ta ina za ka zame. Ƙaramar mota ma tana da irin nata: man birki yana shan danshi da tsufa. Man birki irin DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuma 155 ya ishe shi. Da ya tafasa feda sai ta nutse. A canja shi duk shekara biyu, ba ƙari kawai ba.

Damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, tana fito da wani aibin. Titin yana da magudanai, amma yashi da leda sun toshe da yawa, sai ruwa ya kwanta a ƙarƙashin gadoji da gefen shingen tsakiya, daidai hannun masu gudu. Taya mai sanƙo takan fara hawa kan ruwa tun daga gudun 80, sitiyari ya yi sakayau, mota ta daina jin magana. Idan haka ta faru kada a taka birki, kada a fizgi sitiyari. A saki totur a riƙe hanya har taya ta sake kama ƙasa. Ruwan farko ya fi kowanne santsi, saboda man da ya ɗiga duk tsawon rani yana tasowa sama. Wata al'ada da ya kamata a bari ita ce kunna sigina biyu ana tafiya cikin ruwa. Wanda ke bayanka ba zai san ko tsaye kake ko tafiya ba, kuma idan za ka canja hannu ba ka da abin nunawa. Ƙaramar fitilar gaba ta wadatar, ita ce ke kunna jar ta baya. Haka ma a hazon hunturu na Disamba zuwa Fabrairu: babbar fitila ƙurar take haskawa, ta dawo maka a ido.

Da dare titin ya fi daɗin tuƙi, ya kuma fi haɗari. Fitilun kan titi wani sashe na ci, wani a mace, galibi saboda masu sace wayoyi. Ɓarayin ƙarfe sun kuma addabi murafen ramukan magudanai a birnin, har abin ya kai a farkon 2025 hukumar birnin ta dakatar da kasuwannin panteka na ɗan lokaci. Ramin da babu murfi ya fi yawa a titin gefe da bakin kwanoni. Yana fasa taya ya lanƙwasa rim nan take. Ƙaramar fitilar mota ba ta cika haska fiye da mita 50 zuwa 60 ba, alhali mun ga tsayawa a gudun 100 na neman kusan 95. Ma'ana, a sashen da babu haske, duk abin da fitilarka ta nuno ka riga ka makara. Abin da ta fi nunowa kuwa shi ne tirela da ta lalace, babu fitilar baya, an jera ganye a kwalta a matsayin gargaɗi. A duhu 70 zuwa 80 ya isa. Da ka ga ganye ko reshe a kan titi, akwai abu a gaba.

Masu wan-we a titin gefe sun zama ruwan dare, keke da babur da masu motoci masu tsada duka, musamman kusa da gidajen mai da ƙofofin rukunin gidaje. Kafin ka fito daga kwana ka duba ɓangarorin biyu, ko da titin hannu ɗaya ne a doka. Ayarin manya masu jiniya kuma, ka matsa dama a hankali ka bar su. Kada ka bi bayansu don cin gajiyar hanyar da suka buɗe. Motar ƙarshe ta ayarin takan taka birki ba zato, kuma masu rakiyar ba sa sauraron bayani.

Yawancin motocin da ke mutuwa a wannan titi abu biyu ne ke kayar da su, taya da zafi. Yawan tayoyin da ke yawo na hannu ne, 'yan Kwatano, kuma zanen sama ba ya nuna shekaru. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra shekara huɗu take lissafawa daga wannan rana. Zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6. Iska kuma a bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, yawanci 30 zuwa 35 ga ƙananan motoci, ba 45 ko 50 da wasu masu faci ke durawa ba, kuma a auna da safe kafin taya ta ɗumama. Zafin inji shi kuma a gosulon Maris da Afrilu yake kama mutane, lokacin da zafin gari ke haura digiri 35 ga kuma AC a kunne. Fanka da ba ta tashi, lagireto da ruwan rijiya ya toshe, murfi da ya saki, su ne sanadi. Idan allura ta haura, a kashe AC, a gangara gefe, a kashe mota, a jira minti 20 zuwa 30. Buɗe murfin lagireto da zafinsa yana ƙona fuska da hannu.

Idan aka kwatanta, titin Umaru Musa Yar'Adua mai zuwa filin jirgin sama ya fi titin Kubwa tsari da haske, ko da yake shi ma yana da nasa a Lugbe. Hanyar AYA zuwa Nyanya da Mararaba kuwa ta fi duka wahala, wanda ya saba da ita zai ga titin Kubwa hutu ne. Ga mai koyon tuƙi, kada ya fara da tsakiya, kuma kada ya ɗauka titin gefe ya fi sauƙi, domin can ne tasi da keke da masu wan-we suke. Safiyar Lahadi tare da wanda ya ƙware ita ce lokacin koyon shiga da fita.

Idan mota ta mutu a tsakiya, a kunna sigina biyu nan take, a yi amfani da sauran gudun a gangara dama tun kafin ta tsaya. Kowa ya fita ta ƙofar da ba ta kallon titi, ya koma bayan shinge, kada a zauna a ciki kuma kada a tsaya a bayan but. Alamar nan mai kusurwa uku, si-koshan, ba a jingina ta da bamba. A irin wannan gudu a kai ta aƙalla taku 60 zuwa 100 baya, idan bayan kwana ne ko kan tudu a sa ta inda mai zuwa zai gan ta kafin ya iso. Ba a canja tayar hagu a hannun gudu, gara a ja motar a hankali a kan rim zuwa wuri mai fili, ko da tayar za ta lalace. Lambar hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa 112. Masu janwe kan iso da kansu tun ba a kira su ba, musamman kusa da manyan mahaɗu. A yi ciniki a gama, a faɗi garejin da za a kai ta, kafin a bari su sa ƙugiya, kuma idan motar otomatik ce a nemi a ɗaga tayoyin da ke ja ko a ɗora ta gaba ɗaya, domin jan ta a ƙasa da inji a kashe yana cinye giya.